Wake a Miyar Cili: Me Ya Sa Yake Ƙin Nuna, Yaushe Kuma Yake Zama Guba?

Cili miya ce mai kauri ta nama da busasshen barkono, wadda ta yi suna a jihar Teksas ta Amurka kafin ta bazu zuwa sauran jihohi, daga nan ta tsallaka Turai. Cikakken sunanta da Sifaniyanci shi ne cili kon karne. Ana shan ta a kwano da cokali, ko a malala ta a kan shinkafa, ko a haɗa ta da burodin masara, kuma da zarar sanyi ya kama a Amurka sai ka ji ƙamshinta gida-gida. Girkinta ba wuya. Amma akwai kuka guda da masu dafa ta da busasshen wake suke yi shekara da shekaru: tukunya ta kwashe awa huɗu a kan wuta, nama ya yi lugub har yana wargajewa, miya ta kama jikinta, wake kuwa yana nan ƙyam kamar tsakuwa. A ƙara ruwa, a ƙara awa guda, a sake ɗanɗanawa, jiya i yau. Daga ƙarshe a ɗora laifin a kan gishiri, ko a kan mai shago, ko a yi rantsuwar daga yau sai waken gwangwani.

Mafi yawan lokuta laifin na tsarin zubi ne. Abin da wake yake bukata don ya nuna daban, abin da miyar take bukata don ta yi daɗi daban, har ma na wannan yana hana na wancan. Wake yana son ruwa marar tsami da tafasa mai ƙarfi. Miyar tana son tumatir da wuta kaɗan-kaɗan. Wanda ya zuba su tare tun farko ya zaɓar wa miyar abin da take so, ya bar wake a baya. Kuma maganar ta wuce ta daɗin baki, domin jan waken da aka fi sawa a cili yana ɗauke da wata guba da tafasa ce kaɗai ke kashe ta.

Mutumin Teksas zai tare ka tun a nan ya ce ai tambayar ma ba ta taso ba, don wake ba shi da hurumi a cili. Yana da hujjarsa ta tarihi. Daga wajen shekarun 1880 har zuwa ƙarshen shekarun 1930, wasu mata 'yan asalin Meksiko sun riƙa kafa tebura da daddare a dandalin birnin San Antoniyo suna sayar da wannan miya, har aka yi musu laƙabi da sarauniyoyin cili, kafin dokokin tsafta na birnin su tashe su. A teburinsu nama da barkono ne miyar, wake kuwa a gefe ake zuba shi daga tukunyarsa. A shekarun 1890 wani Bajamushe mai suna William Gebhardt ya fara sayar da garin barkonon cili haɗaɗɗe, abin da ya ba wanda ke nesa da Teksas damar girka ta a gidansa. Da ta yi nisa da gida sai ta canza kama. A jihohin tsakiya da na arewa aka ƙara mata tumatir da yawa, aka ƙara wake don nama ya yi auki, musamman lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930 kwanon cili ya zama abincin mai ƙaramin ƙarfi. A 1967 aka fara gasar girka ta a Terlingua, wani tsohon garin haƙar ma'adinai, inda ɗan jarida Wick Fowler ya kara da marubuci H. Allen Smith. A 1977 majalisar Teksas ta ayyana cili a matsayin abincin jiha. Har gobe ƙungiyar CASI, mai shirya ɗaya daga gasannin Terlingua, ba ta yarda a ga ƙwayar wake a tukunyar ɗan takara ba. A Sinsinati kuma, inda 'yan'uwa Kiradjieff suka buɗe shagonsu a 1922, miyar tana da kirfa, a kan taliya ake zuba ta, wake kuma sai wanda ya nema ake barbaɗa masa a sama.

Ni dai ban ga abin rigima ba. Mai iyali da ke son ciyar da mutum takwas da kilo ɗaya na nama ba ruwansa da dokar gasa, kuma cili mai wake abinci ne mai riƙe ciki. Abin lura a tarihin shi ne, duk inda aka daɗe ana wannan girki, a San Antoniyo ko a Sinsinati, wake da tukunyarsa yake zuwa.

Mai karatu da ya tashi da shinkafa da wake zai iya cewa me za a koya masa a dafa wake. A nan ne sabo yake ruɗi. Waken da muke nomawa, wanda Nijeriya da Nijar suka fi kowace ƙasa samarwa, ɗan asalin Afirka ne, ɓawonsa siriri ne, kuma ko ba a jiƙa shi ba yakan nuna cikin ƙasa da awa guda idan sabo ne. Waken cili wani jinsi ne dabam, ɗan asalin Meksiko da tsaunukan Andis na Kudancin Amurka. A cikinsa akwai babban ja mai siffar ƙoda, wanda da yawanmu a gwangwani muka san shi ana zuba shi a salak, akwai mai dabbare-dabbare da ake kira finto, akwai baƙi. 'Yan'uwanmu na Kamaru sun fi mu sanin jan, don shi ake ci da fanke da safe a can. Ƙwayarsa ta fi ta namu girma, ɓawonsa ya fi kauri, ruwa ya fi daɗewa kafin ya ratsa shi, kuma gubar da za mu zo kanta ta fi yawa a jikinsa nesa ba kusa ba.

Me ake nufi da wake ya nuna? Cikin ƙwayar wake cike yake da ƙananan ɗakuna masu ɗauke da sitaci, kuma abin da ya manne su da juna wani danƙo ne da masana ke kira fektin. Abu biyu ne dole su faru. Sitacin ya sha ruwa ya kumbura, wannan mai sauƙi ne. Danƙon kuma ya narke ɗakunan su saki juna, a nan aikin yake. Idan danƙon bai narke ba, ko kwana waken ya yi a wuta za a ji shi garas-garas a haƙori. Duk wata dabara da duk wani kuskure a dafa wake, a kan wannan danƙo suke.

Tsami yana hana shi narkewa. Tumatir kuwa tsami ne, na gwangwani ma ya fi, sannan girke-girken cili da yawa suna ƙara ruwan kal, wasu har da giya, wadda Musulmi kan maye gurbinta da romon nama, kamar yadda ake maye man alade da kitsen sa ko man gyaɗa. Ɗanyen waken da ya faɗa cikin irin wannan miya girkinsa yana ninkuwa, wani lokaci ma ba zai taɓa yin laushin da ake so ba. Sukari da baƙar maɗin rake su ma suna jinkirta shi. Mutanen Boston sun daɗe da juya wannan ya zama riba: suna gasa wake da maɗin rake na tsawon yini, ya fito da siffarsa bai dame ba. Wato abin da ke hana ɗanyen wake nuna shi ne kuma ke hana dafaffen wake damewa. Wannan ne ya sa idan an dafa shi a gefe ya yi laushi sannan aka juye shi cikin miyar, zai iya zama minti arba'in yana shan yaji da romo ba tare da ya zama fate ba.

Gishiri kuwa an daɗe ana yi masa ƙazafi. Kakanni da yawa a Amurka sun gaya wa jikokinsu kada su sa gishiri sai wake ya nuna, wai yana ƙanƙame ɓawo. Gwaji ya nuna akasin haka. A jikin danƙon nan akwai kalsiyam da maganisiyam da ke ɗaure shi, sodiyam na gishiri kuma yana ture su ya zauna a gurbinsu, ɗaurin ya sassauta. Harold McGee, wanda ya yi fice wajen bayyana kimiyyar girki tun fitowar littafinsa a 1984, ya bayyana cewa jiƙa wake a ruwa mai gishiri kamar gram 10 a kowace lita yana rage lokacin dahuwa sosai. Irin wannan wake ɓawonsa ba ya yawan fashewa, kuma gishirin ya shige shi har ciki, ba kamar wanda aka yi wa barbaɗe a ƙarshe ba, da za a ji miya da ɗanɗano wake kuwa salam. Ina kyautata zaton ƙazafin ya samo asali ne daga yadda ake zuba gishiri da tumatir a lokaci guda, sai laifin wannan ya hau kan wancan.

Ruwan kansa yana da hannu. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa kuma yake barin farin ɓamɓaroki a gindin buta, cike yake da kalsiyam. Dafa wake da shi ƙara wa danƙon ɗauri ne. Wanda ruwansa haka yake, ya nemi ruwan leda ko na sama don tukunyar wake kawai, ko ya nemi taimakon kanwa.

Ita kanwa ba mu kaɗai muka san ta ba. Mutanen Meksiko suna da tasu, tekeskite, wani gishirin ƙasa da suke kankarowa daga busassun gaɓar tafkuna tun kafin zuwan Sifaniyawa, kuma ɗaya daga ayyukansa shi ne tausasa wake, daidai da aikin ungurnun da ke fito mana daga yankin Tafkin Cadi. Ba'amurke kuma bekin soda yake sawa. Duka ukun kishiyoyin tsami ne, suna narkar da danƙon da sauri, har McGee ya ce ƙaramin cokali ɗaya na soda a lita guda zai iya rage lokacin girki da kusan kashi uku cikin huɗu. Sai dai a cili ina ganin a yi hattara da ita. A shinkafa da wake ana son wake ya yi lugub ya ba da launi, a cili kuwa ana son a ga ƙwaya a cokali. Kanwa ta yi yawa, waken zai dame tun kafin ya ga miya, ɗanɗanonsa ya koma na sabulu, ta kashe wani ɓangare na bitamin B1, sannan idan ruwan ya shiga miyar ya dusashe tsamin tumatirin da ke farkar da yaji. Kwatan ƙaramin cokali ya ishi rabin kilo, shi ma sai idan ruwan mai zartsi ne ko waken ya kwana biyu. Sabon wake a ruwa mai daɗi ba ya bukatarta.

Akwai waken da ko kanwa sai ta yi da gaske. Busasshen wake ba ya ruɓewa, shi ya sa ake ɗauka ba ya tsufa, alhali yana yi. Idan ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima, wani sinadari da ke riƙe da kalsiyam a cikin ƙwayar yakan lalace ya sake shi, kalsiyam ɗin ya tafi ya ɗaure danƙon daga ciki. Wannan ciwo ne sananne ga masu binciken abinci a ƙasashe masu zafi, kuma ledar jan waken da ta yi shekara biyu a kantin da ba a cika sayen ta ba ita ce ta fi kamuwa. A sayi wake inda ake yawan ciniki, a duba kwanan wata, kada kuma a gauraya ragowar tsoho da sabo a tukunya ɗaya, don rabi zai dame rabi yana ɗanye, kuma wake ɗaya ke ɓata gari.

Batun jiƙawa an yi ta ja-in-ja a kai. A Meksiko mata da yawa ba sa jiƙa wake sam. A wanke, a zuba a tukunyar ƙasa da albasa, a bar shi awa biyu ko uku, kuma suna cewa romon ya fi kauri, launin ya fi kyau. Ga baƙin wake da finto suna da gaskiya. Amfanin jiƙawa shi ne rage lokacin wuta da sa ƙwayoyin su nuna tare, domin ruwa ta wata 'yar kafa kusa da cibiyar wake yake fara shiga, a hankali, kuma gara ya yi wannan tafiya a kwano da daddare da ya yi ta a kan iskar gas mai tsada. Awa takwas zuwa goma sha biyu sun isa, nauyin waken zai kusa ninkawa. Inda ake zafi a sa kwanon a firij ko wuri mai sanyi, in ba haka ba gari na wayewa za a tarar da kumfa da wari, ya fara tsami. Wanda ya manta sai ya tafasa shi minti biyu, ya kashe wuta, ya rufe ya bar shi awa guda. Zubar da ruwan jiƙo yana tafiya da wani kaso na sukarin da cikinmu ba ya iya narkarwa, wanda ƙwayoyin hanji ke ci su saki iska, amma kada a sa rai da yawa, kumburin ciki ya fi raguwa ga wanda ya saba cin wake a kai a kai. Ga babban ja dai, jiƙawa da zubar da ruwan ba zaɓi ba ne.

Dalili shi ne gubar. Sunanta a taƙaice PHA, daga dangin sinadaran da ake kira lektin, waɗanda tsirrai ke kare 'ya'yansu da su daga ƙwari. Tana manne wa bangon hanji ta hargitsa shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce ɗanyen jan wake yana ɗauke da ma'auni 20,000 zuwa 70,000 na wannan guba, wanda ya dahu sosai kuwa 200 zuwa 400 kacal. Farin wake mai siffar ƙoda yana da kamar kashi ɗaya cikin uku na abin da ja ke da shi. Ƙwaya huɗu ko biyar na ɗanyen ja sun isa su kwantar da babban mutum. Cikin awa ɗaya zuwa uku zuciya za ta fara tashi, amai mai tsanani ya biyo baya, sai murɗawar ciki da gudawa. Yawanci mutum yakan warware cikin 'yan awanni, amma wasu sai an kai su asibiti, kuma ga ƙaramin yaro ko tsoho rashin ruwa a jiki ba abin wasa ba ne. A Birtaniya, tsakanin 1976 da 1989, an rubuta aukuwa 50 da ake zargin jan wake ne sanadinsu. Abin mamaki, wannan sinadari da ke ɓata wa mai ci dare kayan aiki ne a ɗakin bincike: a 1960 Peter Nowell ya gano yana sa fararen ƙwayoyin jini su rarrabu, abin da ya sauƙaƙa nazarin ƙwayoyin gado na ɗan'adam.

Maganinta tafasa ce ta gaske, wadda ruwa ke birkicewa yana tsalle a digiri 100. Minti goma na irin wannan tafasa yana lalata ta a waken da ya jiƙu, FDA kuma ta ce a jiƙa aƙalla awa biyar, a zubar da ruwan, a tafasa a sabon ruwa minti talatin don a tabbata zafin ya ratsa kowace ƙwaya. Abin da ya fi haɗari shi ne rabin dahuwa. An samu cewa waken da aka ɗumama a digiri 80 bai tafasa ba zai iya fin ɗanye illa har ninki biyar. Kanwa ba ta maye gurbin wannan tafasa, tsawon lokaci a kan ƙaramar wuta ma haka, laushin wake kuma ba shaida ba ce cewa gubar ta mutu.

Nan ne tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali ta shigo, wadda Amurkawa da yawa ke son yin cili a cikinta: a zuba komai da safe, a kunna, a tafi aiki, a dawo da yamma a tarar da abinci. A ƙaramin zafinta, abin da ke ciki yana iya tsayawa a wajen digiri 75, ko ya kwashe awanni kafin ya haura. Ga tumatir yana hana wake nuna, ga zafi bai kai na kashe guba ba, kuskure biyu a tukunya ɗaya. Tarihin tukunyar da ban dariya yake. Irving Naxon ne ya ƙirƙiro ta, ya sami rajistarta a 1940, kuma don dafa wake ya yi ta, yana kwaikwayon wani girkin Yahudawa da ke kwana a tanda. Kamfanin Rival ya saye ta ya sake mata suna Crock-Pot a 1971. Tukunyar da aka haifa don wake ita ce yau ake gargaɗin kada a sa mata ɗanyen jan wake. Gargaɗin ya shafi duk wata dabara ta tattalin wuta, ko rage gas tun ruwa bai birkice ba, ko sauke tukunya a naɗe ta da bargo ta ƙarasa da kanta. Dabaru ne masu kyau, amma bayan an cika minti talatin ɗin.

To, yaya ake yi? A tsince rabin kilo na wake, a fitar da tsakuwa da waɗanda suka yamutse, a wanke. A jiƙa shi da daddare a lita biyu na ruwa da babban cokali ɗaya na gishiri da ɗan ɗoriya. Da safe a tsiyaye, a ɗauraye, a zuba a tukunya da sabon ruwa da ya shafe kansa da kamar yatsa uku, a jefa rabin albasa da tafarnuwa da ɗan gishiri. A buɗe wuta ya tafasa sosai, ja minti talatin, finto da baƙi ma kada su gaza goma, ana kwashe kumfa. Sannan a rage wuta ya koma ɓararraka a hankali, murfi a ɗan karkace, don tafasa mai ƙarfi har ƙarshe tana farfasa ƙwaya. Idan ruwa ya ja a ƙara mai zafi. Yawanci awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ke nan gaba ɗaya, amma agogo ba ya yanke hukunci a nan. A ɗebo ƙwaya biyar daga wurare dabam-dabam na tukunyar a murza ko a tauna. Idan ko ɗaya ta yi gardama, ko aka ga fari-fari mai gari a tsakiyarta, da saura. A tuna, da zarar ya shiga tumatir laushinsa ya kusa tsayawa inda yake, don haka a kai shi matakin da ake son ci tun a tukunyarsa.

Tsayin wuri ma yana taɓa lissafin. A Denba, mai tsayin mita 1,600, ruwa yana tafasa a wajen digiri 95, a birnin Meksiko mai mita 2,240 kuwa kusan 92, shi ya sa wake ke jan lokaci a can. Mazauna Jos sun san ɗan wannan. Tukunyar furesha tana warware matsalar baki ɗaya, don zafinta yana kai wa digiri 120: jiƙaƙƙen wake ya nuna cikin kamar minti goma sha biyar, gubar kuma ta mutu. Kada dai a cika ta fiye da rabi, kumfar wake tana toshe kafar tururi.

A ɗaya murhun kuma miya tana tafiya da nata saurin. A soya nama ya yi ja, a soya albasa da tafarnuwa, a zuba niƙaƙƙen busasshen barkono da kumin da origano su soyu a mai, a kawo tumatir da romo. Niƙaƙƙen nama awa guda ya ishe shi, yankakke kuwa biyu zuwa uku. Saura minti talatin ko arba'in a sauke, sai a tsamo wake a juye. Ruwan da ya dahu a ciki kada a zubar, wannan ba ruwan jiƙo ba ne, ya riga ya tafasa, kuma shi ne mafi kyawun abin da za a sassauta miyar da shi idan ta yi kauri. Idan kuma ta yi ruwa, a dame ludayi ɗaya na waken a mayar, ko a yi yadda mutanen Teksas ke yi da ɗan garin masara. Wanda bai son wanke tukunya biyu yana da hanya: ya dafa wake da nama da barkono tare, ya cika tafasar farko, ya riƙe tumatir da duk wani mai tsami har sai wake ya nuna. Tana yi, sai dai nama yakan wuce misali kafin wake ya iso, tumatir kuma bai samu ya soyu ba.

Waken gwangwani ba abin kunya ba ne. An riga an dafa shi da matsin tururi a masana'anta, ba guba a jikinsa, a tsiyaye a ɗauraye a zuba a minti ashirin na ƙarshe. Rabin kilo na busasshe yana ba da abin da ya kai gwangwani huɗu, a farashin da bai kama ƙafarsu ba, kuma ƙwayarsa ta fi riƙe jiki. Wannan ne kawai bambancin, kowa ya duba aljihunsa da lokacinsa.

Idan kuma aikin gama ya gama, ga wake da tauri a tsakiyar miya, baƙi na hanya? Tambayar farko ita ce ko ya taɓa tafasa da gaske. Idan ja ne kuma bai yi ba, ba a ba kowa ko da ɗanɗano, sai an ƙara ruwa an buɗe wuta ya birkice rabin awa ana juyawa kada ya kama. Bayan haka a sa ɗan soda ko ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, zai yi kumfa, alamar yana kashe tsami ke nan, a ci gaba da dafawa, in ya nuna a dawo da tsamin da matsin lemon tsami. Mai tukunyar furesha ya juye duka a ciki da ƙarin ruwa na minti goma sha biyar zuwa ashirin. Idan duk wannan bai yi ba waken tsoho ne, a tsame abin da za a iya tsamewa a buɗe gwangwani.

Cili ta fi daɗi washegari, bayan wake ya kwana yana shan romo, amma kwanan nata yana da sharaɗi. Babbar tukunya mai kauri tana daɗewa ba ta huce ba, kuma a wannan ɗumi ne wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium perfringens, wadda tafasa ba ta kashe irinta, take farfaɗowa ta hayayyafa. Tana daga cikin masu yawan kwantar da mutane bayan cin abincin taro. A rarraba ragowar a ƙananan kwanoni marasa zurfi, a sa a firij cikin awa biyu da saukewa, a cinye cikin kwana uku ko huɗu, ko a daskarar. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a dafa daidai ci. Wajen ɗumamawa kuma a ƙara ɗan ruwa, don wake zai shanye romon cikin dare, a bar ta ta tafasa har tsakiya kafin a zuba.